Allurar tayamin ba ta 'yan giya kaɗai ba ce

Kwanakin baya, a ɗakin mata na wani asibiti, na tarar da wata yarinya mai cikin wata uku a kwance, an sa mata ƙarin ruwa. Uwar mijinta tana zaune a bakin gado, riƙe da gwangwanin da yarinyar ke tofar da yawu. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, mun fi wata guda a haka. Ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo." Na ɗaga kai na karanta jikin robar, ruwan sukari ne. Na bi fayil ɗinta shafi-shafi, ban ga inda aka rubuta tayamin, wato bitamin B1, ba. Da na tambayi abokin aikin da ke kula da ita, sai ya ce, "Haba Malam, ai wannan allurar 'yan giya ce. Wannan baiwar Allah ina ta ga giya?"

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Mutumin ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba ne, abin da ya ɗauko daga aji ne ya maimaita mini. Littattafan da muka karanta galibinsu a Turai da Amurka aka rubuta su, inda mashaya suka fi yawa cikin masu ƙarancin tayamin, shi ya sa sunan tayamin ya manne da giya a kawunanmu. Da muka dawo asibitocinmu, inda ba a cika shigowa da warin giya ba, sai muka jingine maganar gaba ɗaya. Alhali kuwa masu yunwa da masu amai ne suka cika mana gadaje.

Ra'ayina a taƙaice: duk majinyacin da ya yi mako biyu zuwa uku abinci bai zauna masa ba, amai ne ya jawo, ko yunwa, ko tiyata, ko giya, in dai za a sa masa ruwan sukari, a haɗa masa da allurar tayamin a lokacin. Kada a jira sakamakon gwaji, kada a jira sai ya fara sambatu. Kuma allurar ta zauna a tiren gaggawa na kowane asibiti, kusa da adirenalin, allurar da ake yi idan jiki ya ƙi wani magani, ba sai an tura miji kemis da tsakar dare ba.

Me ya haɗa ruwan sukari da wannan magana?

Tayamin shi ne bitamin B1. Muna samunsa a wake, gyaɗa, nama, hanta, da dusar hatsi wadda mukan surfe mu ba dabbobi. Jiki ba ya haɗa shi da kansa, kuma ba ya tara shi da yawa. Duk abin da baligi yake ɗauke da shi bai wuce kamar miligiram 30 ba, yana kuma buƙatar ɗan sama da miligiram 1 kullum. Mai ciki buƙatarta ta fi haka. Idan abinci ya yanke, cikin mako biyu zuwa uku ajiyar ta yi ƙasa.

Sai da shi ƙwayoyin jiki suke iya sarrafa sukari ya zama ƙarfi, kuma ƙwaƙwalwa da zuciya, da ba sa hutawa dare da rana, su suka fi dogara da wannan aiki. To, ga mutum ya yi makonni bai ci ba, yana lallaɓawa da ɗan abin da ya rage masa, sai a buɗe masa sukari kai tsaye cikin jini, roba bayan roba, kwana da kwanaki. Jiki zai tashi sarrafa sukarin, ya lashe ragowar tayamin ɗin. Kamar injin niƙa ne da baƙin mansa ya kusa ƙafewa, mai shi kuma ya ƙara masa wuta yana ta ɗura masa masara.

Idan abin ya faɗa wa ƙwaƙwalwa, ita ce cutar da ake kira da sunan Wernicke. Majinyaci ya rikice, ko ya yi shiru kamar barci bai ishe shi ba. Ka ce ya bi yatsanka da ido, sai ka ga ƙwayar idon tana rawa in ta kai gefe, ko ta ƙi kaiwa. Ya ce maka yana ganin mutum ɗaya biyu. Ka tsayar da shi, ya ware ƙafafu yana tangaɗi. Idan kuma zuciya ta taɓa, ita ce beriberi mai kumburi: ƙafafu su hau, numfashi ya yi sama-sama, matsin jini ya faɗi, jinin ya yi tsami saboda sukarin da ya kasa ƙonewa ya koma wani sinadari mai tsami da ake kira laktet. Mai irin wannan, in allura ta riske shi a kan lokaci, cikin sa'o'i ake ganin sauyi.

In ba ta riske shi ba fa? Cikin kowane mutum goma masu cutar Wernicke, ɗaya ko biyu sukan rasu. Da yawa daga waɗanda suka tashi sukan faɗa halin da likitan nan na Rasha, Sergei Korsakoff, ya bayyana a ƙarshen shekarun 1880: ƙwaƙwalwa ta daina riƙe sabon abu. Ku gaisa da safe, ku yi hira, ka fita ka dawo ba da jimawa ba, ya sake yi maka sannu da zuwa kamar yau ya fara ganinka. Kaɗan ne suke komawa yadda suke a da. Mu ɗauka mace ce 'yar shekara ashirin, da jariri a hanya.

"Ai ba ta shan giya"

Shi kansa Carl Wernicke, likitan Jamus da ya fara bayyana cutar a 1881, majinyata uku ya kawo. Biyu mashaya ne. Ta ukun matashiya ce mai sana'ar ɗinki, wadda ta sha asid, mafitar tumbinta ta tsuke, ta yi ta amai har ta rasu. Tun ranar farko ke nan, amai yana cikin labarin. Giya tana jawo matsalar ne don tana hana mutum cin abinci, tana kuma hana hanji tsotse tayamin. Duk abin da ya yi wa jiki irin wannan ɓarna, zai kai shi wuri ɗaya.

A 2019 an tattara rahotannin mata 177 da laulayi mai tsanani ya kai su ga wannan cuta. Kusan rabinsu cikin ya zube. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta rubuta a ƙa'idarta cewa duk mai cikin da aka kwantar saboda amai da ya daɗe a ba ta tayamin, musamman kafin a sa mata ruwan sukari, kuma ruwan gishiri mai ɗan sinadarin fotasiyam shi ya fi dacewa da ita tun farko. Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura.

Mu duba gadajenmu mu gani. Ga yaron da taifot ta huda masa hanji, aka yi masa aiki, aka hana shi ci kwana da kwanaki, ba abin da ke shiga jikinsa sai ƙarin ruwa. Ga tsoho mai kansar maƙogwaro ko ta tumbi da ya koma kunu cokali biyu. Ga masu tarin fuka da masu cuta mai karya garkuwar jiki da suka rame. Ga mai ciwon zuciya da ta daɗe a kan Lasix, maganin da ke ƙara fitar da tayamin ta fitsari. Ga yara masu tamowa, ga fursunoni, ga 'yan gudun hijira. Ga kuma wanda ya fito daga hannun masu garkuwa da mutane bayan watanni a daji, ba ya samun komai sai ɗan abin da zai riƙe rai. Wannan na ƙarshen yana damuna ƙwarai, domin ranar da ya dawo kowa ƙoƙari yake ya ciyar da shi: a kai shi asibiti a sa masa ruwa, a dawo gida a jere masa tuwo da lemon kwalba. Ƙauna ce ta sa, amma jikin da ya daɗe cikin yunwa a hankali ake mayar masa da abinci, kuma tayamin ne ya kamata ya riga shiga.

Yankinmu na Afirka ta Yamma ya riga ya ga abin da idonsa. A daminar 1988 beriberi ta ɓarke a Gambiya, ta kama aƙalla mutum 140, 22 suka rasu. A ƙasar Ijesha ta jihar Osun kuwa an daɗe da sanin wata cuta mai zuwa da damina, mutum ya ci abinci, bayan 'yan sa'o'i jiki ya ɗauki rawa, ƙafa ta kasa ɗaukarsa. A farkon shekarun 1990 likitan jijiyoyi Bola Adamolekun ya danganta ta da wata tsutsa da ake ci a wannan lokaci, daga baya kuma aka gano tsutsar tana ɗauke da sinadarin da ke lalata tayamin. Babu giya a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mashayan ma, kada mu yi kamar ba mu da su. Akwai su, sai dai dangi ba za su faɗa ba, shi ma ba zai faɗa ba, musamman a gaban surukai ko 'ya'ya. Idan sai wanda ya amsa yana sha za a yi wa allurar, to ba za a yi wa kowa ba.

"Bari mu ga alamomi tukuna"

Wani zai ce ba daidai ba ne a ba da magani ba tare da hujja ba. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, ni ma ina kanta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta da na zazzaɓin cizon sauro. Amma a nan hujjar da ake jira ba ta cika zuwa ba.

A 1986 Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostareliya sun koma kan bayanan mutum 131 da binciken gawa ya tabbatar suna da wannan cuta. Kashi 80 cikin ɗari ba a gane ba sai bayan sun rasu. Waɗanda suka haɗa alamomin nan uku da ake haddacewa don jarrabawa, rikicewa da matsalar ido da tangaɗi, kashi 16 ne kawai. A ƙasar da ke da kayan aiki ke nan. Shi ya sa daga baya aka sassauta ma'aunin: idan mutum ya haɗa biyu cikin huɗu, wato rashin cin abinci, matsalar ido, tangaɗi, da rikicewa ko mantuwa, a ɗauke shi a matsayin mai cutar. Matar da ta yi wata tana amai ta riga ta cika ɗaya tun daga bakin ƙofa.

Gwajin tayamin a jini kuwa, ko a inda ake yinsa yakan ɗauki kwanaki, kuma ba a dogara da shi a gaggawa. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI yakan kuskure kusan rabin masu cutar. Wanda zai iya biyan kuɗinsa ma, kafin layi ya zo kansa ɓarnar ta zauna. Mu a nan abin da muke yi shi ne mu laƙaba wa rikicewar wani suna. Ma'aikata su ce maleriya ce ta hau kai, ko rashin ƙarfi ne kawai. Dangi su ce iska ce, su nemi a sallame su. Ba wanda ya tambayi yaushe rabon da abinci ya zauna.

"Mun sa B-complex, ga shi ruwan ya yi ɗorawa"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ita ta fi yaudara. An fasa ƙaramar kwalbar B-complex, wato haɗin bitamin B iri-iri, an zuba a roba, ruwan ya koma launin ɗorawa, hankalin dangi ya kwanta, har wasu sukan roƙa, "Sista, a sa mata mai kalar nan." Launin nan na bitamin B2 ne. Bai gaya maka komai game da yawan B1 da ke ciki ba.

A juya kwalbar a karanta. Abin da ke ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wasu ɗan kaɗan suke ɗauke da shi. Don kariya, miligiram 100 aka saba bayarwa. Idan ana zargin ƙwaƙwalwa ta taɓu, ƙa'idar likitocin jijiyoyi na Turai ta 2010 ta ce miligiram 200 sau uku a rana, a Birtaniya kuma sukan kai 500 sau uku a rana a kwanakin farko. Masana ba su daidaita a kan adadi ɗaya ba, amma ba wanda ya ce ɗigon da ke canja launin ruwa ya wadatar.

Ƙwaya fa? Tana da amfani, tana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta dace da wanda ya fara ci, da wanda za a sallama. Amma hanji kaɗan-kaɗan yake tsotse ta, kuma mai amai ba za ta riƙe ta ba. A tuna kuma da sinadarin magineziyam: in ya yi ƙasa a jini, kamar yadda yakan yi wa masu amai da mashaya, tayamin ba zai yi aikinsa yadda ya kamata ba.

Tsoron kada jiki ya ƙi allurar

Gaskiya ne an samu waɗanda jikinsu ya ƙi ta har rai ya shiga haɗari. Amma abu ne da ba safai ake gani ba. A 1989 wasu likitocin gaggawa a Amurka sun bibiyi majinyata 989 da aka yi wa miligiram 100 ta jijiya. Kamar ɗaya cikin ɗari ne suka ji wani abu, kusan dukkansu ɗan zafi ne a wurin allurar, mutum ɗaya ya yi ƙaiƙayi a duk jiki. Penisilin da danginsa ma suna da irin wannan haɗari, kullum kuma muna yin su. Abin da ake yi shi ne a tsarma ta a ruwan gishiri, a bar ta ta tafi a hankali kamar na rabin sa'a, adirenalin yana kusa. Dalilin ke nan da ya sa wurinta asibiti ne, ba bayan kantar kemis ba.

Inda masu goyon bayana suke wuce gona da iri

Akwai waɗanda suka haddace "tayamin kafin sukari" har suka mayar da shi doka mai kisa. An kawo mai ciwon sukari a sume, ko yaro yana jijjiga, an auna an ga sukarinsa ya faɗi ƙasa, sai a tsaya neman tayamin. Kuskure ne babba. Faɗuwar sukari tana lalata ƙwaƙwalwa cikin ƙanƙanin lokaci. A ba shi sukarin nan take, tayamin ya tafi tare ko ya biyo baya da zarar an samu. Haɗarin da nake magana a kai yana ga sukarin da ake ta sawa tsawon sa'o'i da kwanaki ga wanda ajiyarsa ta ƙare, an kuma manta da shi.

Haka nan ban ce maganin komai ba ne. A 2017 wani likita a jihar Virginia ta Amurka, Paul Marik, ya ba da rahoton cewa haɗin bitamin C da tayamin da wani maganin rage kumburi mai suna haidirokotizon ya rage mace-mace ƙwarai ga waɗanda ƙwayoyin cuta suka bazu musu a jini. Duniya ta ɗauka. Da aka yi manyan gwaje-gwaje a 2020 da 2021, ba a ga wannan amfanin ba. Na yarda da sakamakon. Sai dai tambayar da suka amsa daban ce da tawa. Su sun gwada ba wa kowa ne, mai ƙaranci da marar ƙaranci. Ni ina magana ne a kan mayar wa jiki abin da muka san ya rasa, kuma a kan wannan babu jayayya tun 1936, shekarar da Robert Williams ya fara haɗa tayamin a ɗakin bincike.

Ga iyaye mata da mazaje

"Laulayi ne, da ciki ya yi ƙwari zai wuce." Haka iyayenmu suke cewa, kuma ga yawancin mata gaskiyarsu ce. Amma wadda ko ruwa ba ya zama, tana ramewa a idonku, fitsarinta ya ragu ya yi duhu, mako ya shiga mako, wannan ta wuce a ce ta yi haƙuri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarin ruwan gida: a kira wani malamin asibiti na unguwa, ya rataya roba a ƙusa, gobe ya dawo ya rataya wata. Za ta ɗan ji ƙarfi, kowa ya ce alhamdulillahi, ba wanda ya san abin da ke ƙarewa a ciki.

In ta ce tana ganin abu biyu-biyu, ko ta fara maganar da ba kai, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarta, a ranar za a tafi asibiti. Addu'a da ruƙiya ba sa hana tafiya, ana iya yinsu a mota, ana iya yinsu a bakin gado. In an je, a faɗi gaskiyar kwanakin, kada a rage don jin kunyar an makara. Kuma ba rashin ladabi ba ne miji ya ce, "Likita, don Allah an sa mata bitamin B1 kuwa?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Mu kuma ma'aikata, ƙorafinmu shi ne ba a samun allurar ita kaɗai a kantin maganin asibiti. Mai sayo magani ba ya sayo abin da ba a rubutawa, mu kuma mun daina rubutawa don mun san babu. Dole wani ya fara, kuma masu riƙe da biro ne ya kamata su fara. Hukumomin kula da asibitoci na jihohi su sa ta cikin kayan gaggawa da ake dubawa a kowane canjin aiki, a ɗakin masu ciki, da ɗakin tiyata, da cibiyoyin kula da tamowa. Makarantun jinya da na ungozoma su daina koyar da ita a ƙarƙashin babin giya kawai. A takardar da ake cikewa lokacin karɓar majinyaci kuma, inda ake rubuta zafin jiki da bugun jini, a ƙara layi ɗaya na kwana nawa rabonsa da cin abinci ya zauna. Duk wanda amsarsa ta kai mako biyu, nas ɗin da ta karɓe shi ta ja layi a ƙarƙashi, ta nuna wa likita kafin a rataya roba ta biyu.